Kukan Ƙafar Baya

Kwal, kwal, kwal. Wata biyu ke nan ƙafar motar ta baya ta hagu tana wannan kukan, kuma wata biyu ke nan Rabo bai ci tuwo da daɗi ba.

Rabo shi ne shofer, wato direban kwamanda, Baturen da ke mulkin Madawa. A shekarun nan na yaƙin Turai motocin ƙasar duka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma a kunnen ɗan ƙauye kukan injinsu ɗaya ne. Da an ji, sai a fito kallo, ko 'yan kasuwa ne suka kawo gishiri. Rabo kuwa yana son kallon nan kamar me. Ga hula, ga tabarau, ga baki. Abin da Bature ya faɗa da safe, kafin azahar mai sayar da fura ta ji shi.

Kukan ya soma ne bayan kaka, satin da takarda ta zo a tara maza don aikin hanya na tilas. A satin ne kuma motar ta yini a maƙerar Takawa, aka ɗaure mata wani ƙarfe da ya tsage. Makaniki babu, kayan gyara ba sa zuwa, sai Takawa, tsohon da ke ƙera hauya da ƙararrawar awaki, shi ya zama likitan mota.

Rabo ya yi iya yinsa, wallahi. Ya ɗaure kusoshi. Ya cire marfin tsakiya ya girgiza, ko tsakuwa ce ta shiga. Ya ɗura mai har yana ɗiga. Da abin ya ƙi sai ya koma wa Takawa. Tsohon yakan tambaye shi ina suka nufa gobe, ya sa shi zuga wuta, shi kuma ya shige ƙarƙashin mota yana tsaki. In ya fito sai ya ce a gwada. A gwada ɗin, kukan ya ƙaru.

Sau ɗaya Rabo ya ce ko a sa ƙafar sakur, ta ko-ta-kwana wadda ke ɗaure a baya. Takawa ya ce kul, robarta ta mutu, ba ta kai su ko bakin gari.

Shi kwamanda abu biyu suka haɗe masa. Ga kwal-kwal a kunne tun daga Madawa har duwatsun Keita, ga kuma ƙauyukan da ya rasa gane kansu. Duk inda suka sauka sai tsofaffi da mata da kaji. Maza fa? Sun tafi cin rani, ranka ya daɗe. Ya koma da igiya a naɗe, kansa na sara.

Ranar Laraba haƙurinsa ya ƙare. Ya ce gobe za su Deule. In ya ji ko kwal ɗaya, Rabo zai ajiye hula ya ɗauki diga, ya cike gurbin waɗanda aka rasa. Rabo ya taɓa ganin masu aikin nan a kan hanyar Tawa, ya ga kafaɗunsu. Tsoro ya kama shi na gaske. Kuma Deule garinsu ne. A ce a gaban uwarsa za a tuɓe masa hula?

Ya garzaya maƙera, aka ce Takawa ya tafi Buza kai hauyoyi, sai gobe. Ya tsaya ya dubi ƙafar sakur. Ya latsa ta, ya buga ta da dunduniya. Mutuwar me? Lafiyarta lau. Ya ɗaga mota, ya kwance mai kukan ya jingine ta a bangon maƙera, ya sa waccan. Ya zaga filin kasuwa sau uku. Shiru, sai inji. Har rawa ya taka, yana cewa ashe tsufa ya kama Baba Takawa.

Da safe suka kama hanya, motar gardawa, dogaran kwamanda masu jar hula, na bin su. Kwamanda har da fito.

A Deule kuwa, yau gari cike. Maza suka baro sussuka suka taho da gudu, suna tambayar ko gishiri ne. Kafin su ga jar hula, gardawa sun kewaye su. Mutum talatin da ɗaya aka jera a igiya. Na bakwai a layin Jima ne, ƙanen Rabo, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda matarsa ta haihu ko suna ba a yi ba. Motar ya duba, ya dubi ƙafar baya, sannan ya dubi wansa.

Kwamanda ya dafa kafaɗar Rabo ya miƙa masa taba. Rabo ya karɓa. Duk hanyar dawowa yana gaya wa kansa tsautsayi ne, shi dai ƙafa ya gyara.

Da la'asar ya biya maƙera ɗaukar ƙafar. Takawa ya dawo, yana zaune a ƙasa da ita a gabansa, bai ko hura wuta ba.

"Baba, ka gani? Sakur ɗin da ka ce ta mutu, ita ta tsamo ni."

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya kifar da ƙafar, ya zura yatsa can cikin lanƙwasar ƙarfen, inda ido ba ya kai wa, ya ɓalle ƙararrawa biyu da aka matse aka ɗaure da waya.

"Tun daga Keita har Buza babu ƙauyen da bai san kukan ga ba, ɗana. Da an ji shi, maza su haye dutse. Kai kaɗai muka ɓoye ma, saboda bakinka."