Kwamfutar Manaja Ta Yi Gum

Manaja ya danna maɓallin, ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana jiran kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta tona asirin ɓarauniya. Kwamfuta ta yi gum.

Su huɗu ne a ofishin. Ga Manaja, ga Akanta wanda bai taɓa musa masa ko a kan launin labule ba, ga Yaya, wato yayar Manaja uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya damƙa wa kula da ma'aikata. Ita ce ta shigo ƙarshe, waya a hannu, ta sha ɗauri ta yafa mayafi. Ta huɗun Inna mai shara ce, tana tsaye a bakin ƙofa, don ba wanda ya ce ta zauna.

Makon jiya ne 'yan fararen na'urorin sauraron Manaja, irin marasa igiyar nan da ake cusawa a kunne, masu haɗuwa da kwamfutarsa da kansu, suka yi ɓatan dabo daga teburinsa. Tsarabar ƙasar waje ce, kuma babu ma'aikacin da bai nuna wa ba. Yaya ta ce ai magana a fili take, wa ke shiga ofishin nan in ba mai shara ba? Manaja kuwa mutum ne mai yawan kallon finafinan 'yan sanda. Sai ya bar kwamfutar tana naɗar murya ya fita, ya dawo ya tarar ta kama Inna tana waya tana cewa, “Na sayar, an gama.”

Inna ta rantse keken ɗinkinta take nufi, wanda ta sayar don kuɗin makarantar jikokin da take riƙo. Manaja ya ce za ta ji da kunnenta, sannan ta ajiye tsintsiya ta kama gabanta.

Ga shi yanzu layin muryar yana tafiya a fuskar kwamfuta, yana hawa yana sauka, amma ko tari ba a ji.

“Da safen nan fa na saurara,” in ji Manaja.

Ya duba 'yar alamar lasifika da ke ƙasa. Ba a kashe take ba. Ya kashe ta da kansa ya sake kunnawa, ya ƙara sauti kaɗan. Yaya ta yamutsa fuska ta dafe goshi.

Akanta ya ce ƙila ƙura ce. Ya ɗaga kwamfutar ya hura ramukan gefe iya ƙarfinsa, ya ajiye ta yana haki. Babu abin da ya fito sai ɓurɓushin biskit.

Manaja ya juyo kan Inna. “Da jiƙaƙƙen tsumma kika goge ta, ko?”

“Ranka ya daɗe, kai ka ce kada in taɓa ta.”

“To dubi yadda hannunki ke rawa.”

 Inna ta ɓoye hannun a cikin zani. Tunaninta na can gida, wajen ƙaramar jikar da ta yi wa alkawarin takalmi a ƙarshen wata.

“A sallame ta kawai mana!” in ji Yaya, da murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Akanta ya zabura, sannan ya gyaɗa kai. A ransa ya ce kishin dukiyar ƙaninta ne, ba laifi.

Amma Manaja ya riga ya shirya wasansa, ba zai yarda a rage masa daɗi ba. Ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta miƙe.

“Bari in leƙa banɗaki in dawo.”

“Ina za ki, Yaya? Ke ce babbar shaida. Yanzu za ta tashi.”

Ta koma ta zauna a bakin kujera.

Kwamfuta ta tashi, shiru na nan yadda yake. Manaja ya cire kwat. Ya zare cajar ya mayar. Ya buɗe wasu shafuka da bai san kansu ba, ya karanta su da babbar murya don a san ya iya, ya rufe. Ya kira mai gyara, waya a kashe. Ya zagi kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ya haɗa da wanda ya sayar masa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ma'aikata sun fara giftawa ta taga ɗaya bayan ɗaya, kowa da takarda a hannu kamar an aike shi.

“Ranka ya daɗe,” in ji Akanta, “ko muryar da aka naɗa ce ta lalace? A gwada wani abin.”

“Abin da nake shirin yi ke nan.”

Ya lalubo waƙar da yake motsa jiki da ita da safe, mai ganguna da ƙaho, wadda maƙwabtansa suka sha kai ƙara a kanta.

“Ƙanina, bar shi haka,” in ji Yaya. “Kaina ke ciwo.”

“Yi haƙuri, Yaya, yau sai gaskiya ta fito.”

Ya kunna waƙar, ya ɗora yatsa a kan maɓallin ƙara sauti, ya danne bai ɗaga ba sai da ya kai ƙarshe. Ofis tsit, kowa ya kasa kunne.

Sai Yaya ta ƙwalla ƙara, ta fizge mayafi da ɗankwali da hannu biyu, 'yan fararen abubuwa guda biyu suka faɗo daga kunnuwanta, suka gangara kan tebur suna ta rera waƙar Manaja.