Ruwa a Garin Tsohon Kansila

Tun da ya faɗi zaɓe wayar tsohon kansila ta daina ƙara, sai ya duƙufa kan wasan gina gari da jikarsa ta saka masa a ciki. Yau ma yana ƙofar ɗaki, yana jan bututu unguwa-unguwa, 'yan mutanen cikin wayar suna ta tafa masa.

Matarsa ta murɗa famfon tsakar gida. Ko ɗigo babu, kamar yadda yake tun yana kan kujera.

"Ranka ya daɗe, talakawan naka sun samu ruwa?"

"Kowane gida," ya ce yana murmushi.

Ta ajiye bokiti biyu a gabansa.

"To madalla. Saura mu da muka zaɓe ka."