Kwaɗo a Kan Firijin Rigakafi

Tun da ka ce an ba ka riƙon makaranta a wannan shekara ta matsi, kuma ka fara duban kowa da wutsiyar ido, bari in ba ka misali.

Akwai wani likitan dabbobi da ya shugabanci wata makarantar koyon aikin dabbobi a lokacin da tattalin arziki ya karye. Aka zaftare abin da ake ba makarantar, dusa ta yi tsada, wutar gari ta daina zuwa, komai ya koma kan janareta. Mutum ne mai tsantseni, bai taɓa kai ko allurar makaranta gidansa ba, amma matsi ya sa masa zargi. In malami ya ce kada a rage wani abu, sai ya ɗauka a nan yake lasa. In mai gadi ya gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da fara'ar ke rufewa. A ɗakin magani akwai firijin da ake ajiye allurar rigakafin ciwon huhu na shanu, wadda ba ta jure zafi. Al'adar wurin ita ce duk malamin da ya gifta, safe ko rana, ya buɗe ya dubi ma'aunin zafin da ke rataye a ciki. Wata rana shugaban ya tarar da gorar zoɓo a bayan kwalaben. Bai tambayi mai ita ba. Ya ce a ransa, wanda ya sa zoɓo yau, gobe kwalba zai fitar. Ya sa aka kafa wa firijin kwaɗo, ya zura makullin a aljihu, ya kuma ba da umarni a riƙa kashe janareta da hantsi, ba a tayarwa sai magariba, domin a lissafinsa firijin da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa. Wata malama mai koyar da cututtukan shanu ta roƙe shi ya bar mata makulli ɗaya don duba ma'auni da rana. Ya tambaye ta, cikin ladabi, ko zoɓon nata ne. Shi kuwa kullum da sassafe yakan buɗe da kansa, ya sa hannu, ya ji sanyi, ya rufe, hankalinsa kwance.

Da kaka ta yi, ɗalibai suka fita rugage kamar yadda aka saba, domin a can suke koyon aiki da hannu. Wani arɗo, wanda ya sha fama da danginsa kafin su yarda da allura, shi ya tsaya aka tara garkuna. Aka yi wa shanun allura, aka tsaga wa kowace kunne don shaida. Bayan 'yan watanni ciwon ya shigo da wasu baƙin shanu daga mashaya. Masu tsagaggen kunne suka kama tari, suka riƙa tsayawa da wuya a miƙe, ƙafafu a ware, suna faɗuwa daidai da waɗanda ba a taɓa ba. A rugage aka ce ruwa ɗaliban suka ɗura, maganin gaskiya an sayar a kasuwa. Shugaban ma haka ya zata, har ya ji wani irin daɗi mai ɗaci cewa zarginsa ya tabbata. Ya fara kiran ɗalibai ɗaya-ɗaya yana titsiye su, ya shirya dakatar da malamar. Ita ko ba ta yi gardama ba. Ta kawo curin man shanu a faranti, ta roƙe shi ya sa a firijin da hannunsa, ya kulle, ya tafi da makullinsa. Washegari da safe ya buɗe. Sanyi na nan yadda ya saba ji, man kuma a daskare yake, amma ba curi ba ne kuma: ya narke da rana, ya malale ya cika farantin, sannan ya sake daskarewa. Ya daɗe yana kallon kwalaben. Ba ko ɗaya da ta ɓace, kuma ba ko ɗaya da ke da sauran amfani.

Ya tafi rugar arɗon da kansa ya faɗi gaskiya, don ba maƙaryaci ba ne. Arɗon ya saurare shi har ƙarshe, yana kallon fatun da aka shanya a kan ƙaya, sannan ya ce, "Likita, da ka bar mana su da kunnuwansu, da ko fatar ta yi daraja." Da kaka ta zagayo, aka cire kwaɗon, aka sayo sabuwar allura, aka tura ɗalibai. Duk rugar da suka dosa, in an hango ƙurar motarsu, sai a kora shanu daji. Suka riƙa tarar da turaku da ɗanyen kashi da mata masu cewa maza sun yi nisa. 'Yan ajin nan suka gama karatu ba wanda ya taɓa riƙe wutsiyar saniyar makiyayi, makarantar kuma ta koma koyar da ciwon huhu a jikin allo.

Shi ne abin da Hausawa ke cewa: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.