Gyaɗar Gida

A gaban ma'aikatana ta kashe min injin niƙan gyaɗa. 'Yar da na haifa, na kai ta jami'a ta karanto ilimin abinci.

"Baba, buhu taran nan ba za su shiga inji ba. Na gwada su, akwai gubar fumfuna."

"Ke! Shekara arba'in ina wannan sana'a. Farar rigarki ce za ta koya min gyaɗa?"

Wai shekara shida ta yi tana bincike, har manyan masana'antu sun canja yadda suke shanya saboda ita. Na ce su ta shafa. Na ja ta rumfar da mata ke tsince baƙaƙen ƙwayoyi.

"Duba da idonki. Ban taɓa sayar wa mutum ruɓaɓɓiya ba."

"Waɗanda aka tsince fa, ina ake kai su?"

"Gida mana! A zubar da abinci? Da su uwarki ta yi mana miya har ta koma ga Allah."

Ta zauna a kan buhu.

"Baba, gubar nan hanta take ci. Wuta ba ta kashe ta."

Ciwon hanta ne ya ɗauke uwarta bara.

Na tafi gida, na tarar matar ɗana tana daka irin tsintacciyar gyaɗar nan don miyar jikokina. Na ɗauke turmin na juye a kwata.

"Baba, lafiya?"

"Daga yau sai wadda yayar mijinki ta gwada. Kada a sake tambayata."