Bido Bisa Tebur

"Ɗiyarki ba ta da kan lissafi," in ji malamin lakwal, yana turo mata takardar sakamako. "Haka mata suke. Dubi maza, duk sun wuce."

Uwar ba ta iya karatu ba, amma ta san jan biro in ta gan shi. Ta kuma san inda ɗiyarta take kowace safiya, daidai lokacin da ake lissafi a aji: bakin rijiya, ita da sauran 'yan matan ajin, suna ɗebo ruwan randar malamai. Wata tara ke nan tana gamuwa da ita can. Ita da ta ɗauke wa yarinyar talla da daka don ta yi karatu!

Ta juya ta fice.

Da ta komo, gumi na tsiyaya, sai ta dire bido, ƙatuwar jarka cike da ruwa, bisa teburinsa. Takardu suka jiƙe.

"Mushe," ta ce, yadda ake kiran malaman boko, "ga darasin da ka koya mata bana. Kira mazan naka su ɗauka, mu ga wa za shi wuce."