Faifai na Biyu

Wani dattijo ya buɗe kwalin fayafayen kiɗansa a gaban maƙwabcinsa, sai ya ga gurbin faifai na biyu wayam.

Shekara da shekaru yana damun unguwarsu a birnin Montevideo da cewa kiɗan rok ba ya cika sai a kundi mai faifai biyu: na farko na 'yan koyo ne, duk daɗin yana kan na biyu. Yau, ana tsaka da bikin ranar haihuwarsa, maƙwabcin ya gaji, ya dire ƙoƙon shayinsa na mate.

"To sa mana mu ji, sarkin jita. In ba daɗin, gashin bakin nan naka sai reza."

Dattijon ya amince da sharaɗin nan take. Yanzu kuwa gashin bakin har rawa yake.

"Tsohuwa! Wa ya taɓa mini faifai?"

Matarsa ta fito riƙe da kek, ta ajiye a tebur. A ƙarƙashinsa ga wani baƙin faranti yana sheƙi.

"Wannan? Ai tun makon da muka tare na ɗauka. Kai da kake cewa kullum shi kake ji, ban ga ka neme shi ba. Kowace shekara a kansa kake cin kek."

Maƙwabcin ya miƙe zai ɗauko reza. Shi kuwa ya lakaci kirim daga gefen faifan, ya lasa, ya lumshe ido.

"Zauna, ɗan'uwa. Ban ce maka daɗin a kan na biyu yake ba?"