Ai Goggo Ta Gida Ce

Ka ce ka rasa gane kan yaranka, ka koya musu gaisuwa da godiya har bakinka ya gaji, amma jiya uwarsu ta yi hawaye saboda su. To gyara zama, ɗana, in ba ka misalin wani mai lambu, don shi ma haka ya yi ta dafe kai.

Mutumin nan albasa da tumatir yake nomawa a fadama, kuma duk unguwa an san shi da tarbiyya. Yaransa uku, tun suna tatata ya koya musu karɓar abu da hannu biyu. In baƙo ya miƙa musu ko da ƙuli-ƙuli ne, sai ka ga sun zube ƙasa suna "Mun gode, Allah ya ƙara arziki," baki ɗaya kamar masu biya karatu. In maƙwabta sun aiko da kwanon abinci, shi da kansa yake tasa ƙeyarsu su je godiya. Mutane na yabawa, shi kuma kansa na ƙara girma. Ana nan sai matarsa ta haihu, ya aika ƙauye aka zo da yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, don ta kula da mai jego. Tsohuwar ta bar awakinta a hannun maƙwabta ta taho. Ita ce hura wuta, ita ce dafa ruwan wanka da dama kunun kanwa, ita ce wanke tsummokaran jariri, sannan ta tuƙa tuwo ta yi wa manyan yaran wanka. Hayaƙi ya sa idonta ya yi jajawur. Rannan ta zaunar da babbar yarinyar ta rangaɗa mata kitso, bayanta na ciwo, yatsunta har sun sage. Da aka gama, yarinya ta miƙe ta duba madubi ta yi waje abinta. Ba a jima ba wani abokin uban ya shigo zaure ya ba ta alawa ƙwaya ɗaya, sai ga ta a durƙushe tana zuba godiya har tsakar gida ana ji. Abin ya soki tsohuwa a zuci ƙwarai. Washegari ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma wurin awakinta, alhali ko arba'in ba a yi ba.

Da matarsa ta gaya masa dalili, mai lambu ya rikice. Yaransa? Waɗanda ake kafa misali da su? Ya fara zargin 'ya'yan maƙwabta, sai ya tuna ai su ake cewa su yi koyi da nasa. Ya ce ko makaranta ce ta lalata su, ya ce ko bakin mutane ne ya kama su, har ya raya a ransa cewa tsufa ne ya sa yayar tasa mita. Duk inda ya kama sai ya suɓuce, ga mai jego a kwance, ga jariri, ga mai kula da su tana shirin tafiya. Ya kira yarinyar, tsumagiya a hannunsa, ya tambaye ta abin da ya hana ta gode wa Goggo. Yarinya ta zaro ido. Ba rashin kunya ba ce a fuskarta, tsabar mamaki ne, ita ma ba ta gane laifinta ba. Ta ce, "Baba, ai Goggo ta gida ce. Na gida ma ana yi masa godiya?"

Ya ɗaga tsumagiya, hannun ya ƙi sauka. Wa ya koya mata wannan? Shi dai bai taɓa faɗa ba, uwarta ma bai ji ta faɗa ba. Yana tsaye yana wannan saƙe-saƙe sai ga tsohuwar da kwanon kunu, don ko fushi take ba za ta bar ƙaninta ya fita lambu da yunwa ba. Ya miƙa hannu ɗaya ya karɓa, ko kallonta bai yi ba, ya kurɓa, ya yatsina fuska ya ce kunun ya huce. Sai da maganar ta fita ya lura yaran nan uku sun zuba masa ido, irin kallon da ɗalibi ke yi wa malami. Kunya ta rufe shi. Ya juya zai ce mata sannu da aiki, kalmar ta yi masa nauyi a baki don bai saba ba. Kafin ya tattaro ta, tsohuwa ta ɗora kayanta a ka ta fice, kuma ba ta waiwayo ba.

Wallahi ni tausayi ya ba ni, don da zuciya ɗaya ya yi ta koyarwa, sai dai yaro ba kunne kaɗai gare shi ba, yana da ido. Saboda haka kafin ka je ka yanko bulala, tambayi kanka yaushe rabon da yaran nan su ji ka ce wa uwarsu sannu da aiki, ko ka gode mata a kan tuwon da ka ci. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.